Faɗuwar Katanga

Duk wanda ya shiga ɗakin dambe na cibiyar matasa, tun kafin a nuna masa inda zai ajiye takalmansa za a sanar da shi cewa Koci Katanga ya yi damben boksin sau talatin da ɗaya a zamaninsa, kuma bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Shi da kansa yake yin sanarwar. Abin da ba ya faɗa sai an matsa masa shi ne, a cikin talatin da ɗayan nan sau tara kacal ya yi nasara. Sauran duk kashi ya sha, amma a tsaye ya sha shi, har ƙararrawar ƙarshe ta kaɗa alƙalai suka ɗaga hannun wani. Wannan tsayuwar ita ce abin da dambe ya bar masa, ita da karkataccen hanci da kunnen hagu da ba ya ji sosai, kuma yana tattalinta yadda wasu ke tattalin filin gado.

Ɗakin yana can bayan ginin, bayan an wuce banɗaki. Taga biyu gare shi, da fanka ɗaya mai kuka, da buhun naushi da aka ɗinke sau ba adadi, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da shuɗiyar tabarmar roba da ta koɗe a tsakiya. Shekara goma sha bakwai makullin ɗakin yana rataye a wuyan Katanga, a igiya ɗaya da usur ɗinsa. 'Ya'yansa duk sun girma sun bar gida, abokan dambensa wasu sun mutu wasu sun manta sunansa. In aka raba shi da ɗakin nan, bai san inda zai kai kansa da ƙarfe huɗu na yamma ba, kuma ya san da haka.

Matsalar ita ce yadda yake koyarwa. Yaro zai zo da ɗokinsa, ya gama kallon dambe a talabijin, yana so a sa masa safar hannu ta dambe ya fara kai naushi. Sai Katanga ya nuna masa safofin can sama a ƙusa, inda hannunsa ba zai kai ba, ya miƙa masa igiya ya ce ya yi tsalle. Bayan tsalle, a tsaya gaban madubi. Wata uku ake yi a haka, ana maimaita abu huɗu: dunduniya ta juya, ƙugu ya bi ta, haɓa a ƙasa, hannu ya koma gida. Wanda ya yi dariya ya ƙara tsalle ɗari. Yara ba su da haƙurin tsofaffi, iyayensu ma ba su da shi, saboda haka a farkon shekarar nan ɗalibai uku suka rage. Akwai tagwayen bakanike, waɗanda uwarsu ke turowa don kwanukanta su huta. Akwai kuma 'yar tela, yarinya 'yar shekara bakwai, siririya, wadda ake kira Allura. Ita dai babu wanda ya san abin da ya zaunar da ita.

Ran nan Manajan cibiyar ya aika a kira shi. Manaja mutum ne mai taushin murya, wanda bai taɓa faɗa wa kowa mugun labari ba tare da ya fara tambayar lafiyar iyali ba.

"Koci, ya mai ɗakin? Ya ƙafar?"

"Lafiya ƙalau. Me ya faru?"

"Kwamiti ya zauna. Sun ce duk ɗakin da bai tara yara ashirin ba, a karɓe shi. Ka san kujerun taro ba su da wurin ajiya, rana na cinye su a waje. Nan da mako shida Ciyaman zai zo da kansa ya duba."

"Kujeru," in ji Katanga.

"Kada ka tayar da hankalinka. Mun samo maka mai taimako, masani ne a kan yadda ake jan ra'ayin yara."

Masanin ya iso washegari da jaka biyu, da majigi, da tumbi a cikin rigar wasanni da ba ta taɓa shan gumi ba. Ya haska bango, ya yi awa guda yana nuna hotunan yaran da ke dariya ba tare da an ga abin da ya ba su dariyar ba. Ya ce bincike ya nuna yaron zamani ba a ce masa a'a. Ya ce madubi yana karya wa yaro gwiwa, a rufe shi da zane. Ya ce tsallen igiya ya tsufa. Katanga ya karkato da kunnensa mai ji, ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ka taɓa yin dambe kuwa?"

"Na halarci bita huɗu a kai," in ji Masani, "ɗaya ma ni na jagoranta."

Daga nan ya zuge jaka ta biyu, sai ga balan-balan iri-iri, ja da kore da ruwan ɗorawa. Aka hura, aka rataya a zare daga rufi, aka ce yara su yi ta bugu. Labari ya zaga, yara suka kai tara. Suka yi ta fasa balan-balan da farce da haƙori da tsinken da suka ɓoyo a aljihu, suna ihu, suna kiran Masani da Kawu Balan-balan. Shi kuwa yana tsaye yana ɗaukar hoto. Katanga ya koma kusurwa ya harɗe hannu, zuciyarsa na tafasa. Ranar da balan-balan suka kusa ƙarewa, yara biyar suka zo.

A ranar ce abin ya faru. Allura ba ta damu da balan-balan ba, ta ɗaga gefen zanen da aka rufe madubi da shi tana ta juya dunduniyarta. Tausayinta ya kama Katanga, ga shi wata ukunta ya cika. Ya sauko da mafi ƙanƙantar safa ya ɗaura mata, ya sanya 'yan matasan fatar nan da koci ke sa wa a tafin hannu don tarar naushi, ya ranƙwafa ya ce ta kawo dama. Ta kawo. Dunduniya ta juya, ƙugu ya bi, haɓa a ƙasa, hannu ya koma gida. Matashin ya yi ƙara tas. Daɗi ya kama tsohon har ya ja da baya don ya kalle ta da kyau, sai ƙafarsa ta taka yagaggen balan-balan da wani yaro ya jiƙe da miyau. Ƙafa ta tafi gaba, shi ya tafi baya, ya zube tim a kan tabarma yana kallon fanka.

Sai tagwayen bakanike suka fara ƙirga da ƙarfi, yadda suke gani a talabijin. Sauran suka kama. Ba su yi masa adalci ba, don ƙirgen nasu gudu yake yi, kafin ya tattara gwiwoyinsa sun kai goma sun ɗaga Allura sama.

"Zamewa na yi!" in ji Katanga. "Kowa ya gani, zamewa na yi!"

Babu wanda ya gani. Abin da aka gani, kuma aka kai gida aka ba da labari, shi ne 'yar tela ta kayar da mutumin da bai taɓa faɗuwa ba. Washegari da ya zo buɗe ƙofa ya tarar da yara ashirin da shida a layi, har da waɗanda suka gudu bara, kowa yana so a ba shi safa ya gwada sa'arsa. Ya kore su duka, ya kulle ɗakin, ya koma gida tun rana ba ta yi sanyi ba.

Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta riga ta ji labari a wurin matar tela, amma ta bari ya zauna, ta ɗauko man zafi ta fara murza masa ƙugu.

"Ashe katanga na faɗuwa," ta ce.

"Ke ma kin bi sahun yara? Na ce zamewa na yi."

"Na yarda. Shekara talatin da wani abu nake jin labarin tsayuwar nan, na haddace. Ka tsaya aka karkatar da hanci, ka tsaya aka kashe kunne. Me tsayuwar ta kawo mana ban da man zafi? Jiya sau ɗaya ka faɗi, yau yara ashirin da shida sun zo ƙofarka."

"So kike na zama abin dariya?"

"Ni ba abin da nake so. Amma in suka zuba kujeru a ɗakin can, a nan za ka riƙa wuni kana gyara mini yadda nake riƙe tsintsiya. Wannan kam ba zan iya ba."

Ya yi kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku ya buɗe ɗaki, ya fizge zanen da ke kan madubi, ya busa usur, ya kafa doka. Zai faɗi. Amma ba zai faɗi ba sai ga naushin da ya cika sharuɗɗan nan huɗu. Wanda ya rasa ɗaya ya koma gaban madubi. Kowane yaro damarsa uku a rana, kuma sauran yara su ne shaidu.

To, abin da usur da tsawa suka kasa yi a shekara goma sha bakwai, kwaɗayin kayar da tsoho ya yi shi a mako guda. Yaran da a da ba sa iya minti biyu a gaban madubi suka koma faɗa a kan wurin tsayuwa. Wani ya gano cewa masu tsallen igiya ƙafarsu ta fi saurin juyawa, sai igiyoyi suka yi kaɗan. Iyaye suka fara ƙorafin cewa yara na cinye musu takalma da murza dunduniya a siminti. Shaidu kuwa suka fi Katanga tsanani. In yaro ya kai naushi, kafin koci ya buɗe baki za ka ji muryoyi ashirin: "Haɓa a sama!" ko "Hannu bai koma ba!" In kuwa ya cika, sai ɗakin ya ɗauke numfashi, Katanga ya zaro ido, ya yi tangaɗi biyu, ya zube. Sai ƙirge ya tashi har masu lambu a waje su jiyo.

Da farko yana faɗuwa ne fuska a murtuke, kamar mai shan magani. A hankali ya fara sa wa abin gishiri. Ya ƙirƙiro faɗuwar gefe, da faɗuwar durƙuso, da wata ta musamman wadda sai ya zagaya buhun naushi sau ɗaya kafin ya kife. Bai taɓa yarda a gaban kowa cewa yana jin daɗi ba. Amma yana jin daɗi, irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi, kuma matarsa ta kama shi sau biyu yana gwada sabuwar faɗuwa a kan gado.

Masani bai ɓata lokaci ba. Cikin kwana goma ya buga ɗan littafi mai suna Tsarin Faɗuwa Domin Gina Yaro, da hotonsa a bango yana riƙe da safa a juye. Ya fara shirya bita ga wasu masu koyarwa, inda manyan mutane ke kwanciya a ƙasa bi da bi a ba su satifiket. Abu ɗaya ne bai gamsar da shi ba.

"Koci, tsarina yana tafiya, amma kana kawo masa cikas. Na lura akwai yaran da suka yi mako biyu ba ka faɗi musu ba."

"Ba su juya ƙafa ba."

"Wannan nuna bambanci ne. Kowane yaro yana da haƙƙin faɗuwa ɗaya a rana. Shafi na goma sha ɗaya."

Iyaye ma suka shigo. Wata uwa ta tare shi a ƙofa ta ce ɗanta ba ya cin abinci saboda shi, in ba zai faɗi ba ta san gidansu. Wani mai kanti ya aiko masa da kwalin sabulu, da saƙon cewa a duba masa yaro. Katanga ya mayar da sabulun, yaron kuma ya ci gaba da tsayuwa gaban madubi har kwana tara, ranar da ya samu faɗuwarsa ya fashe da kuka don murna.

Ranar zuwan kwamiti yara talatin da huɗu ne a ɗakin. An share, an goge madubi, Masani ya rataya sababbin balan-balan a ƙofa. Katanga ya sa farar rigarsa, hankalinsa kwance, tunda ashirin aka nema. Sai ga Ciyaman ya shigo da mutum uku a bayansa, da turare da ya danne warin gumi, da wani yaro ɗan shekara tara riƙe da gefen rigarsa. Autansa ne. An saya masa jan safa sabuwa ful, da takalma masu haske a dunduniya, da ɗamara mai zanen zaki. Yaron kansa kuwa ƙasa yake kallo.

Manaja ya ja Katanga gefe, ya zagayo ta kunnen dama.

"Koci, ya mai ɗakin? Ka ga yaron can? Tun da ya ji labarinka ya hana babansa sakat. Ciyaman so yake ya ɗauka a waya ya nuna wa uwarsa. Faɗuwa ɗaya ce."

"Ya taɓa tsayawa gaban madubi?"

"Koci, takardar ɗakin nan tana cikin jakar mutumin can, ba a sa hannu ba tukuna. Yara sun cika, na sani, amma kwamiti shi ne Ciyaman. Sau nawa ka faɗi a watan nan? Wannan ɗayar ce za ta gagare ka?"

Katanga ya kalli buhun naushi, ya kalli madubi, ya taɓa makullin da ke wuyansa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban ƙato mai safa ba. Ya sanya matasan hannu ya ranƙwafa gaban Auta.

Yaron ya runtse ido, ya ɗaga haɓa sama, ya wurgo hannu daga can gefe kamar mai korar ƙuda. Ƙafafunsa biyu suna manne da tabarma. Safar ta goga gefen matashin ta wuce, hannun ya ci gaba da lilo. Katanga ya zaro ido, ya yi tangaɗi biyu, ya zube.

Yana kwance yana kallon fanka, yana jiran ƙirge. Ƙirge bai zo ba. Yara talatin da huɗu suna tsaye a jikin bango, babu wanda ya buɗe baki. Kukan fanka kawai ake ji.

"Ku ƙirga mana!" in ji Masani, yana tafa hannu. "Yara, ɗaya!"

Shiru.

Ciyaman ya gyara riƙon wayarsa, ya yi dariya, ya fara da kansa. "Ɗaya! Biyu! Uku!" Mutanensa uku suka taya shi, muryoyin manya huɗu a ɗakin yara. A kan biyar Katanga ya juya kai, idonsa ya faɗa kan Allura. Ba fushi ne a fuskarta ba, da fushi ne da sauƙi. Kallon mamaki take yi masa, tana murza dunduniyarta a ƙasa a hankali, kamar tana tambayar kanta ko wata ukun nan duk wasa ne.

"Koci," ta ce, muryarta ba ƙarfi, "bai juya ƙafa ba."

"Bakwai! Takwas!"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya tuna yaron mai kanti da kwana taransa. Ya dafa tabarma, gwiwa ta yi ƙara, ya miƙe tsaye daidai lokacin da Ciyaman ke cewa tara.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya ce. "Zamewa na yi."

A wannan karon kowa ya yarda, yaran har da gyaɗa kai. Ya juya wurin Auta, wanda idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Yaro, hannunka da nauyi, amma ƙafarka barci take. In kana so in tashe ta, ka zo gobe ƙarfe huɗu. Ka bar ɗamarar a gida."

Ciyaman ya sauke waya, ya mayar aljihu. Bai ɗaga murya ba. Ya yaba da tsabtar ɗakin, ya yaba da yawan yara, ya jinjina wa Masani a kan tsarinsa, ya ja ɗansa suka fita. Bayan kwana biyu takarda ta fito. Kwamiti ya gamsu ƙwarai da shirin dambe, zai ci gaba a ɗakinsa, amma an lura cewa shekarun Koci sun ja, har yana zamewa a gaban baƙi, don haka an hutar da shi tare da godiya. Manaja ya tambayi lafiyar mai ɗaki da ta ƙafa, sannan ya miƙa hannu. Katanga ya kwance makullin daga igiyar usur ya ba shi. Ya fito ya tsaya a bakin titi da ƙarfe huɗu da kwata, ya rasa ko dama zai bi ko hagu.

Masani ya kawo wani mai satifiket, ƙato mai fara'a, wanda ke faɗuwa ga kowa bisa shafi na goma sha ɗaya. In an taɓa shi ya faɗi, in an yi niyyar taɓa shi ya faɗi, akwai ranar da wata yarinya ta yi atishawa ya kife. Makon farko yara suka yi ta dariya. A mako na biyu suka fara ƙirga masa a zaune, suna tsallake lambobi. A mako na uku ya zo ya tarar da buhun naushi shi kaɗai. Kafin wata ya ƙare kujerun taro sun samu inuwa, an jera su har rufi, Masani kuma ya wuce wata cibiyar da majiginsa.

Katanga bai ga wannan da idonsa ba, labari ya ji. Kwana shida ya yi a gida yana gyara wa matarsa riƙon tsintsiya, a na bakwai ita da kanta ta je wurin tela. Bayan shagon akwai fili na siminti, tsakanin bangon shago da katangar maƙwabta, inda ake shanya yadi. Tela ya ce a yi amfani da shi, da sharaɗin kada a taɓa masa igiyar shanya. Madubi babu, sai gilashin tagar baya, wanda ke nuna mutum rabi-rabi. Buhun naushi babu. Matar Katanga ta ba da tsohuwar katifa, wadda yara ke jawowa bayansa duk lokacin da za a gwada naushi. Ba duka suka biyo shi ba, wajen goma sha biyar ne, amma shaidun nan masu tsanani duk suna ciki.

Wata ranar Talata mota ta tsaya a bakin shago. Direban Ciyaman ya fito ya gaisa, yana sosa ƙeya.

"Baba, an ce in kai Auta darasin lissafi. To, ya ce in ban kawo shi nan ba zai faɗa wa Yallaɓai inda nake zuwa da mota ranar Lahadi. Ni dai ban ga komai ba."

Auta ya fito ba ɗamara, ba jan safa. Katanga ya kalle shi sama da ƙasa, ya miƙa masa igiya.

Yaron ba shi da baiwa, wannan gaskiya ce. In ya tuna dunduniya ya manta haɓa, in ya tuna haɓa hannu ya tafi yawo. Igiya ta sha kayar da shi, tagwayen bakanike suka sha yi masa dariya. Allura ta ɗauke shi a matsayin aikinta, tana durƙusawa tana murɗa masa ƙafa da hannunta, tana yi masa faɗa kamar uwa. Mako bakwai yana jin "Ƙafa!" daga bakin yara goma sha biyar. Sau biyu ya zauna a gindin bango ya yi kuka, sau biyun kuma ya tashi ya koma gaban gilashi. Katanga bai taɓa sassauta masa ba, ko da yake yaron ya shiga ransa fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Ranar da abin ya zo, an yi ruwa da safe, katifar ta jiƙe sharkaf, an ɗora ta kan katanga tana ɗiga. Katanga ya ce yau gwaji kawai za a yi, babu faɗuwa, kowa ya yarda. Aka bi layi har aka zo kan Auta. Na farko, haɓa a sama. Na biyu, hannu bai koma ba. A na uku dunduniya ta juya, ƙugu ya bi ta, haɓa a ƙasa, matashin ya yi ƙara tas, hannu ya koma gida.

Babu shaidar da ta yi magana. Auta ya tsaya da safa a gefen fuskarsa, yana numfashi, bai ma yarda da kansa ba. Ya kalli katifar can kan katanga, ya kalli Koci, sai ya sunkuyar da kai, don ya san abin da aka ce.

Katanga ya waiga ya dubi simintin da ke bayansa. Ya san shekarunsa sittin da uku, ya san halin ƙugunsa, ya san abin da matarsa za ta ce. Ya zaro ido, ya yi tangaɗi biyu, ya tafi da baya gaba ɗaya.

Ƙarar da ya yi ta sa tela ya tsayar da kekensa ya leƙo ta taga. Ƙirge ya tashi, muryoyi goma sha biyar, da ta direba a bakin ƙofa. A wannan karon ba su yi gudu ba, a hankali suka bi lambobin, suna ba kowace haƙƙinta. Wani zafi ya tsarga masa daga ƙugu har wuya. A kan shida ya gwada motsa ƙafa don ya ji ko tana nan. Tana nan, amma ta ƙi ɗaukarsa. Ya gane cewa yau, ko da so yake ya tashi kafin goma, ba zai iya ba, abin da ƙarti talatin da ɗaya suka kasa sa shi.

"Goma!"

Suka yi kan Auta da ihu suka ɗaga shi sama. Allura ce kaɗai ta lura Koci bai motsa ba. Ta zo ta tsuguna a kansa.

"Koci, an gama. Tashi."

"Na ji," ya ce, yana kallon yadin da ke shanye a samansa, dariya na girgiza masa haƙarƙari tana ƙara masa zafi. "Je ki ce wa babanki da direban can su zo su kama ni. Kuma kowa ya ɗauki igiya, tsalle ɗari, na ji wanda ya yi dariya."